Tafkin Lhonak ta Kudu: Ambaliyar da Aka Shekara Goma Ana Hangen Zuwanta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe da tsaya mini a rai, wato yadda kafofin watsa labarai suke ba da labarin fashewar tafkunan da ke can ƙololuwar manyan duwatsu, waɗanda narkewar ƙanƙara ke haifarwa. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya ɓalle ya share gari, sai a ji ana cewa ambaliyar ba-zata ta auku, a faɗi adadin mamata, a nuna hoton gadar da ta karye, bayan kwana uku kuma a wuce wurin. Kalmar nan ta ba-zata ita ce ba ta kwanta mini ba, domin na bi tarihin ɗaya daga cikin waɗannan tafkuna daki-daki, kuma abin da na tarar shi ne an san shi, an auna shi, an rubuta haɗarinsa a takarda shekaru goma kafin ya fashe.

Tafkin da nake nufi shi ne Lhonak ta Kudu, wanda ke arewacin jihar Sikkim ta ƙasar Indiya, cikin tsaunukan Himalaya, a tsayin kimanin mita 5,200 daga saman teku. A daren 3 ga Oktoban 2023, da misalin ƙarfe goma da 'yan mintuna, wani ɓangare na gangaren da ke gefen tafkin ya zaftaro ya faɗa cikin ruwa. Wajen sha biyu da rabi na dare ambaliya ta isa garin Chungthang, mai nisan kusan kilomita 67 daga tafkin, inda ta tarar da madatsar ruwa ta Teesta III, wadda ke samar da lantarki megawat 1,200, ta tafi da ita cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. Daga nan ruwan ya bi kwarin kogin Teesta yana cin duk abin da ya tarar, har ya dangana da ƙasar Bangladesh. Binciken da masana na ƙasashe da dama suka wallafa a mujallar Science a farkon 2025 ya ce mutum 55 sun mutu, wasu 74 sun ɓace, gadoji 31 sun rushe, gine-gine sama da 25,000 kuma sun lalace. Cikin waɗanda ruwan ya tafi da su har da sojojin Indiya fiye da ashirin. Allah ya ba iyalan waɗanda abin ya shafa haƙuri.

Kafin in zo kan batun gargaɗin da aka yi, ya kamata mai karatu ya san yadda irin wannan tafki yake samuwa, domin wanda bai san yadda aka yi shi ba zai ɗauka tafki ne kamar kowane tafki. A can saman dutse, inda sanyi ba ya barin dusar ƙanƙara ta narke duka, ta bana takan hau kan ta bara, shekara bayan shekara, har nauyi ya danne ta ƙasa ta zama ƙanƙara mai tauri. Idan tulin ya yi kauri sosai sai ya fara gangarowa cikin kwari a hankali, tafiyar da ido ba ya gani amma ba ta tsayawa, shi ya sa ya dace a kira shi kogin ƙanƙara. Yana tafe yana kankare bangon dutse, yana niƙa abin da ke ƙarƙashinsa, yana tura ɓaraguzai a gabansa da gefunansa kamar katafila. A inda ya tsaya sai ya bar tudun duwatsu da tsakuwa da yashi, wani lokaci mai tsayin gomman mitoci, ya gitta kwarin daga wannan gefe zuwa wancan. Yawancin irin waɗannan tudun da ake gani yau a Himalaya da tsaunukan Andes sun samo asali ne daga wani zamani mai sanyi da ya ƙare wajen tsakiyar ƙarni na 19.

Da duniya ta ɗumama, sai kogin ƙanƙarar ya fara ja da baya, ya bar wawakeken rami tsakaninsa da tudun da ya tara, ruwan narkewarsa kuma ya cika ramin. Ga tafki ya samu, ga kuma madatsarsa, amma madatsa ce da ba injiniyan da ya zana ta, ba siminti a jikinta, ba ƙofar sakin ruwa. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne sau da yawa abin da ke riƙe da duwatsun nan a haɗe ƙanƙara ce da ke binne a cikinsu, don haka zafin da ke ƙara wa tafkin ruwa shi ne kuma yake narkar da abin da ke riƙe da bangonsa. Shi kansa tafkin yana ƙara gaggauta lamarin, domin ruwa ya fi farar ƙanƙara riƙe zafin rana, sai ya riƙa cin gindin kogin ƙanƙarar yana ɓantaro manyan guntaye, tafkin na ƙara tsawo, ƙanƙarar na ƙara ja da baya.

Na daɗe ina duban hotunan Lhonak da aka ɗauka kafin ya fashe, kuma dole in yarda cewa abu ne mai kyawun gani matuƙa. Ruwan yana da wani launi tsakanin shuɗi da kore, mai ɗan duhun madara, launin da ke fitowa daga garin dutsen da ƙanƙara ta niƙa ya yi laushi har ba ya nutsewa. Guntayen ƙanƙara farare suna yawo a kansa, ba itace ko ɗaya a kewaye, sai baƙaƙen duwatsu da farin tsauni a baya. Idan mutum ya kai idonsa ƙarshen tafkin ta gabas, sai ya ga wata 'yar siririyar hanya da ruwa ke fita ta tsakanin tarin tsakuwa, daga nan kuma kwari ya gangara. Wannan 'yar mafita ita ce kaɗai tsakanin ruwa mai zurfin sama da mita 100 da mutanen da ke barci a garuruwan ƙasa. Na lura masu tallar yawon buɗe ido sukan nuna launin ruwan, amma da wuya su juya kyamara wajen bangon.

Da farko, a kwanakin da abin ya faru, an yi ta cewa mamakon ruwan sama ne ya sauka a kan tafkin ya cika shi, kuma haka jaridu da yawa suka ɗauka suka yaɗa. Binciken da ya biyo baya ya nuna ba haka ba ne. Abin da ya auku shi ne daskararriyar ƙasa da duwatsu masu yawan mita kubik miliyan 14.7 sun ɓalle daga tudun gefen arewa suka rufta cikin tafkin, suka tayar da igiyar ruwa mai tsayin kusan mita 20, wadda ta haura bangon gaba. Shi kuwa irin wannan bango, da zarar ruwa ya haura shi ya sami tsagi, sai ya riƙa cin tsagin yana faɗaɗa shi, yawan ruwan da ke fita yana ƙara yawan abin da ake ci, har tafkin ya amayar da kimanin mita kubik miliyan 50 na ruwa. Kuma abin da ya isa garuruwa ba tsabtataccen ruwa ba ne. A kan hanya ya kwashi ƙasa da duwatsu da suka ninka shi kansa ruwan sau biyar, ya zama wani abu mai kauri kamar kwaɓaɓɓen siminti, mai ɗauke da duwatsu masu girman mota, wanda ba ginin da zai tsaya a gabansa. Masu binciken sun kuma koma kan tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, suka tarar cewa gangaren nan da ya rufta ya yi shekaru yana zamewa mitoci da dama a kowace shekara, alamar cewa ƙanƙarar da ke riƙe da shi tana saki.

Yanzu ga tarihin gargaɗin. Hotunan tauraron ɗan'adam na 1962 sun nuna Lhonak a matsayin ɗan kududdufi a bakin ƙanƙara, kuma daga lokacin zuwa 2008 kogin ƙanƙarar ya ja da baya kusan kilomita biyu, tafkin ya maye gurbinsa. A 2013 masana daga cibiyar nazarin hotunan sararin samaniya ta gwamnatin Indiya suka wallafa bincike da ya ce yiwuwar fashewar tafkin ta kai kashi 42 cikin ɗari, wanda a irin wannan lissafi babban haɗari ne. A 2016 hukumomin Sikkim suka tura ayari, tare da injiniya Sonam Wangchuk na yankin Ladakh, aka shimfiɗa bututun roba guda uku don zuƙe ruwa daga tafkin, kamar yadda ake zuƙo mai daga tanki da tiyo. Niyyar mai kyau ce, amma bututu uku a tafkin da ya haura kilomita biyu a tsawo, kuma yake ƙaruwa kullum, ba su isa su sauya komai ba. A 2021 wani binciken, wanda masanin ƙanƙara Ashim Sattar ya jagoranta, ya kwaikwayi fashewar tafkin a kwamfuta, ya ambaci Chungthang da sunansa, ya kuma nuna cewa ambaliya za ta iya kaiwa can ta taɓa madatsar ruwan. A watan Satumban 2023, makonni kaɗan kafin daren, wani ayari na hukumar kula da bala'o'i ta Indiya tare da ƙwararru daga Suwizalan ya kafa kyamara da na'urar auna yanayi a bakin tafkin a matsayin matakin farko na tsarin gargaɗi, sai dai kyamarar ta daina aiko da hoto bayan 'yan kwanaki, cikakken tsarin kuwa ba a kai ga kafa shi ba.

Ya Edita, ina so a tsaya a dubi sa'o'i biyun nan da ke tsakanin ruftawar gangaren da isar ruwa Chungthang. Sa'a biyu ta isa a tashi mutanen gari daga barci su hau tudu, domin a irin wannan kwari mutum ba ya buƙatar tafiya mai nisa, hawa sama kawai zai yi. Ta isa a fitar da sojoji daga sansanin da ke bakin kogi. Ta isa a buɗe ƙofofin madatsar ruwa tun da wuri, abin da ma'aikatanta ba su samu sararin yi ba a daren. Na'urar da ke lura da tashin ruwa, da igiyar da ke tsinkewa idan ambaliya ta wuce ta aika saƙo, da jiniya a kan turke a kowane gari, duk abubuwa ne da aka san su kuma ake amfani da su a wasu ƙasashe. Kuɗinsu ba a bakin komai yake ba idan aka kwatanta da madatsar da aka kashe wa sama da dala biliyan ɗaya, aka fara aiki da ita a 2017, ta yi shekara shida kacal. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a nan an yi shekara goma ana sanin tafiyar na tafe.

Ba zan ɓoye cewa aikin yana da wahala ba, domin rashin adalci ne in zauna ina zargi kamar hawa mita 5,000 wasa ne. A wannan tsayi iskar shaƙa ta kusa raguwa da rabi, lafiyayyen mutum yakan yi haki bayan 'yan takun ƙafa, wasu ma ciwon tsayi kan kashe su. Ba hanyar mota, jirgi mai saukar ungulu ba ya iya ɗaukar kaya masu nauyi, lokacin aiki watanni kaɗan ne a shekara, sanyi kuma yana kashe batir ya fasa bututu. Bugu da ƙari, tafkunan dubbai ne, ba gwamnatin da za ta iya taɓa kowanne. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai waɗanda suka fuskanci wannan wahala suka yi aikin, kuma ba su fi Indiya arziki ba.

Ƙasar Butan ta ɗanɗana nata a ranar 7 ga Oktoban 1994, lokacin da tafkin Luggye da ke yankin Lunana ya ɓalle, ya kashe mutum 21, ya lalata wani sashe na tsohuwar fadar Punakha mai tarihi. Kusa da shi akwai wani tafkin, Thorthormi, wanda ya fi shi haɗari, domin siririn tudu ne kawai ya raba shi da wani tafkin maƙwabcinsa mai suna Raphstreng, kuma in ya fasa ya shiga wancan, ruwan biyu ne za su sauko tare. Daga 2008 zuwa 2012 gwamnatin Butan, da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta riƙa tura ma'aikata sama da ɗari uku a lokacin aiki, suna tafiyar fiye da mako guda a ƙafa kafin su isa. Ba su da manyan injuna, saboda ba hanyar kai su, kuma ana tsoron girgizarsu ta karya bangon. Da shebur da diga da igiya suka yi aikin, suna tsaye cikin ruwan ƙanƙara har gwiwa, suna ɗaure dutse su ja shi gefe, suna zurfafa mafitar ruwan taki bayan taki, har suka rage tsayin tafkin da mita biyar. Uku daga cikinsu sun rasu saboda ciwon tsayi a 2010. Duk lokacin da na tuna mutanen nan sai in ji nauyin yadda ba a san su ba, alhali da tafkin ya fashe da duniya duka ta san sunansa.

Nepal ma ta yi irin wannan. Ita darasinta ya zo ne a ranar 4 ga Agustan 1985, da tafkin Dig Tsho ya fashe bayan ƙanƙara ta rufto cikinsa, ya share tashar lantarki ta Namche da aka kusa kammalawa tare da gadoji 14. A shekarar 2000 ta rage tafkin Tsho Rolpa da mita uku ta hanyar haƙa magudana mai ƙofa, da taimakon ƙasar Holan. A 2016 kuma sojojin Nepal da ma'aikata 'yan yankin suka shafe kusan wata shida a tafkin Imja da ke kusa da dutsen Everest, a tsayin sama da mita 5,000, suka rage shi da mita 3.4, aka kuma kafa jiniyoyi a ƙauyukan da ke ƙasa. Mai karatu zai iya cewa mita uku ko biyar a tafki mai zurfin mita ɗari ai ba wani abu ba ne. Amsar ita ce ba a neman ƙafar da tafkin, ana neman ƙara tazara ne tsakanin fuskar ruwa da saman bango, yadda idan wani abu ya faɗo ya tayar da igiya ba za ta haura ba, ko in ta haura ba za ta yi ƙarfin tsaga shi ba.

Ƙasar da ta fi kowa daɗewa a wannan fage ita ce Peru. A ranar 13 ga Disamban 1941 tafkin Palcacocha, mai tsayin sama da mita 4,500 a tsaunukan Cordillera Blanca, ya fashe ya sauko kan birnin Huaraz da asuba, ya kashe aƙalla mutum 1,800. Tun daga farkon shekarun 1950 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman, injiniyoyinta suka yi ta haƙa ramukan fitar da ruwa da gina ƙananan madatsu a tafkuna sama da talatin. Amfanin wannan aiki ya fito fili a ranar 11 ga Afrilun 2010, lokacin da ƙanƙara da dutse suka ɓalle daga tsaunin Hualcán suka faɗa tafkin da ake kira Laguna 513. Igiyar ta haura bango, ambaliya ta lalata gonaki da hanyoyi a wajen garin Carhuaz, amma ba a rasa rai ba, saboda tun a shekarun 1990 an haƙa ramuka a jikin dutse an sauke ruwan da kusan mita 20. Wannan labari bai zagaya duniya ba, kasancewar ba gawa a cikinsa, kuma a ganina wannan shi ne babban giɓin da ke cikin yadda ake ba da labarin waɗannan tafkuna.

Shi wannan Laguna 513 yana da wani darasin da bai kamata a tsallake ba. Bayan 2010 an kafa masa tsarin gargaɗi na zamani, da kyamarori da na'urorin jin motsin ƙasa. A watan Nuwamban 2016, ana cikin fari mai tsanani, jita-jita ta yaɗu tsakanin manoman yankin cewa na'urorin ne suke korar hadari, sai jama'a suka hau suka kakkarya su. Abu ne mai sauƙi mutum ya kira wannan jahilci ya wuce, amma ni ban ɗauke shi haka ba. Manomin da ke kallon amfaninsa yana bushewa, ya ga baƙi sun kafa ƙarafa a saman dutsen da ruwansa ke fitowa, kuma ba a zauna da shi an gamsar da shi ba, ba abin mamaki ba ne ya zargi ƙarafan. Jiniya ba ta da amfani sai wanda ya ji ta ya yarda da ita, ya san hanyar da zai bi cikin duhu, ya taɓa gwada bin ta da rana. A Sikkim ma 'yan ƙabilar Lepcha sun yi shekaru suna adawa da jera madatsu a kan Teesta, har da yajin cin abinci mai tsawo a 2007, ba a saurare su yadda ya kamata ba. Mutanen da suka rayu a gindin dutse kaka da kakanni suna da abin faɗa a kansa, kuma duk shirin da aka yi ba da su ba yana da rauni tun daga tushe.

Sai batun wanda zai biya. Mutanen da ke zaune a ƙarƙashin waɗannan tafkuna suna cikin mafi ƙarancin hannu a hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma su ne a bakin ruwan. Wannan ne ya sa wani manomi kuma jagoran masu hawan dutse daga Huaraz, Saúl Luciano Lliuya, ya kai kamfanin makamashi na RWE ƙara a Jamus a 2015, yana neman ya biya kasonsa na kuɗin kare garin daga Palcacocha, wanda ruwansa ya ƙaru daga kimanin rabin miliyan na mita kubik a shekarun 1970 zuwa kusan miliyan 17. Kuɗin da ya nema bai wuce kusan Yuro 17,000 ba. Bayan shekara goma, a ranar 28 ga Mayun 2025, babbar kotun birnin Hamm ta kori ƙarar bisa hujjar cewa haɗarin da ke kan gidansa shi kaɗai bai kai matakin da doka ke buƙata ba, amma ta amince cewa a ƙa'ida ana iya ɗora wa manyan masu fitar da hayaƙi alhakin ɓarnar da ta biyo baya, ko da a wata nahiya take. Ina ganin wannan hukunci zai yi tasiri nan gaba, kuma ina goyon bayan a bi wannan haƙƙi har ƙarshe. Sai dai shari'a ta ci shekara goma, tafkin kuwa bai tsaya jiran alƙali ba. Har yanzu akwai masu gadi da ke kwana a ɗan ɗaki a bakin Palcacocha dare da rana, da rediyo a hannu, suna lura da bututun da ke zuƙe ruwa, suna sauraren ƙarar ƙanƙara daga sama, a ƙasa kuma kimanin mutum 50,000 ne ke zaune a hanyar ambaliya. Kare rayukan nan nauyi ne da ke kan hukumomin ƙasar a yau, ko an sami diyya ko ba a samu ba.

Lamarin kuma ƙaruwa yake yi. Wani bincike da aka wallafa a 2020, wanda ya yi amfani da dubban hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa tsakanin 1990 da 2018 yawan irin waɗannan tafkuna a duniya ya ƙaru da kashi 53 cikin ɗari, ruwan da ke cikinsu kuma ya ƙaru da kusan rabi. Wani na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 15 ne ke zaune inda irin wannan ambaliya za ta iya kaiwa, fiye da rabinsu a ƙasashe huɗu, wato Indiya da Pakistan da Peru da Sin. Cibiyar nazarin tsaunuka ta ICIMOD da ke Katmandu ta fitar da jerin tafkuna 47 masu haɗari a kogunan Koshi da Gandaki da Karnali a 2020, kuma 25 daga cikinsu suna ɓangaren Tibet ne, abin da ke nufin ruwan yana wata ƙasa, waɗanda zai ci suna wata. An ga haka a watan Yulin 2025, da ambaliya daga wani tafki a Tibet ta tafi da gadar kan iyaka ta Rasuwagadhi da ke haɗa Nepal da Sin. Idan maƙwabta ba sa sanar da juna abin da na'urorinsu suka gani a cikin mintuna, to kowane tsarin gargaɗi zai tsaya a kan iyaka, ruwa kuwa ya wuce.

Saboda haka, ya Edita, roƙona gare ka da abokan aikinka guda biyu ne. Idan labarin fashewar irin wannan tafki ya zo teburinku, a tambaya ko an taɓa auna shi, wane ne ya yi gargaɗi, a wace shekara, kuma me hukuma ta yi da gargaɗin, sannan a zaɓi kalmar da za a kira abin da ita. Na biyu kuma, a riƙa ba da labarin tafkin tun yana cike bai fashe ba, da na ma'aikatan da ke rage shi, domin jarida ta daina zama mai ihu bayan hari. Lhonak ta Kudu wuri ne mai kyau na farawa, domin bai ƙafe ba. Ruwa mai yawa yana nan a cikinsa, gangarensa na arewa ya ƙara rauni bayan ruftawar 2023, masu binciken sun ce yana iya sake ɓallewa, kuma a watan Janairun 2025 wani kwamiti na ma'aikatar muhalli ta Indiya ya amince a sake gina madatsar Teesta III a Chungthang, wannan karon da kankare, mai tsayin kusan mita 118. Ina so in karanta a shafukanku ko an kafa jiniyoyin kwarin Teesta suna aiki, kuma ko an taɓa tashin mutanen Chungthang da dare an gwada su a kan hanyar hawa tudu, kafin a kammala sabuwar madatsar.

Na gode da ba ni wannan fili.

Wassalam,
Naku mai karatu a kullum.